Na Roƙi Allah Ya Karya Ɗana

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku. Fasto, na gode da ka ba ni wannan dama. Zumuntar mata, ku yi mini haƙuri. Tun jiya nake jera maganar nan a raina, yanzu da na miƙe duk ta watse.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, matar marigayi Malam Dauda, malamin lakwal, wato makarantar boko. Waɗanda suka san ni kuwa sun san cewa kusan shekara uku ba a gan ni a wannan majami'a ba. Wasu sun tambaya, wasu sun ji nauyin tambaya. Yau zan faɗa muku inda na je, da abin da na aikata, da yadda Ubangiji ya kamo ni. Labarin ba shi da daɗin faɗi, amma zan faɗe shi.

Mu mutanen wajen Dogondutsi ne, aiki ya kawo maigidana Gaya. Lokacin da muka sami fili a nan bakin hanyar Doso, duk wurin nan gonakin gero ne. Gida uku ne kawai na masu bi, muna sujada ƙarƙashin rumfar kara, awaki na leƙo mu. Kafin mu ankara gonaki sun zama gidaje. Direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, masu aikin duwan, wato kwastan, Zabarmawa, Dandawa, mutanen Benin da Togo, kowa ya zo ya buga bulo ya kafa ƙofa.

Kuma mutum in ya baro garinsu ya zo unguwar nan, da wuya ya zauna yadda ya zo. Maƙwabcinmu ya iso da zikirin gidan ubansa, shekara ɗaya ya koma sabon masallaci, ya daina zuwa wajen tsohon malaminsa. Majami'u ma suka yi ta tsagewa, wanda ya sami shago ya ɗaura amsa-kuwwa sai ka ji an ce fasto ne. Wannan ya shiga nan, wancan ya fita can. Ina kallo, ina cewa a raina wannan ruwan wasu ne, gidana dai a kafe yake.

'Ya'yana biyu. Rifkatu tana aure a Yamai. Babban shi ne Iliya, wanda da yawanku kuka sani, shi ke kaɗa mana ganga a nan. Bakanike ne, yana aiki a wani garaji kusa da tashar manyan motoci.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan rasuwar babansa, wata Laraba da la'asar, ina zaune ina tsintar shinkafa, sai ya shigo da kayan aikinsa a jiki. Ya durƙusa gabana.

"Inna, ina da magana."

"Faɗi, ina jin ka."

"Ki ajiye faifan tukuna."

Na ajiye. Ya ce, "Inna, na musulunta. Yau wata biyu ke nan. Ban so ki ji a bakin wani ba."

Ku yarda da ni, dariya na fara yi. Na ce, "Wace yarinya ce?"

Ya ce, "Akwai wadda nake so, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun Baba yana da rai nake wannan tunani, ban ma san ta ba a lokacin."

"To mai garajin ne ya yi maka alkawarin wani abu?"

"Babu wanda ya yi mini alkawari. Inna, ni ɗanki ne har gobe. Sunan ma bai yi nisa ba, Iliyasu suke ce mini."

Na ce, "Wanda na haifa Iliya ne. Iliyasu kuwa ban san uwarsa ba. Tashi ka fita mini daga gida."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi, ya shiga ɗakinsa, ya ɗaure kayansa. Ban ɗaga kai na dube shi ba.

Ɗakin da ya kama, layi huɗu ne kawai tsakaninsa da gidana. Layi huɗu! Amma in zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan gidan mai, rana na dukana, don kada in bi ta ƙofarsa.

Daga ranar nan zama ya ƙare mini. In na zauna a ɗaki sai in ji kamar bango zai matse ni, in fito tsakar gida. In na fito sai in ji kiran salla daga masallacin layinsu, in ce yanzu yana can yana alwala, in koma ɗaki. In ɗora tukunya in manta da ita. In fara wanki in bar shi a jiƙe. Teburin waina da nake da shi a bakin hanya, yau in fita, gobe ba zan fita ba, har masu saye suka gaji suka koma wajen wata.

Lahadi ta fari na zo nan. Wani ne ya zauna a kan gangar. Babu wadda ta faɗa mini baƙar magana, ko ɗaya, amma ni duk idon da ya dube ni sai in ji yana cewa: ga matar dattijon ikkilisiya, ta kasa riƙe ɗanta. Kafin a yi addu'ar rufewa na sulale. Ban sake dawowa ba.

Sau uku fasto ya zo gidana. Ina jin sallamarsa, in yi lamo a ɗaki kamar ba na nan. Fasto, yau ka ji gaskiya, ina ciki. Ka gafarce ni.

Sai na shiga yawo. Na ce addu'ar majami'armu sanyi gare ta, bari in nemi inda ake da wuta. Na je wata majami'a a wani shago can bakin tasha, na yi wata biyu, ɗana bai dawo ba. Na koma wata da ake tsalle ana faɗuwa. Na koma wata ta mutanen Togo, ko harshensu ba na ji. Duk inda aka ce akwai mai gani, ƙafata tana can. Wannan ya ce in yi azumin kwana bakwai. Wancan ya ba ni mai a kwalba ya ce in zuba a ƙofar garaji. Na je na zuba, ni matar Malam Dauda, ina waige-waige kamar ɓarauniya.

Ɗaya ya ce mini yarinyar ce ta ɗaure shi da asiri. Sunanta Hadiza, 'yar Tanda ce, tana taya gwaggonta sayar da tumatir. Na same ta a tsakiyar kasuwa, na zazzage mata duk abin da ke bakina. Mutane suka taru. Yarinyar nan ba ta rama ko kalma ɗaya ba. Ta durƙusa a cikin ƙasa, hawaye na zuba, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri." Na juya na tafi ina jin kamar na yi wa Allah aiki.

Da aka sa ranar aurensu, Iliya ya aiko dattawa biyu da goro. Na ce su mayar. Na hau mota na tafi Yamai wajen Rifkatu sai da aka gama komai na dawo.

Jikina ya fara amsawa. Kai na sarawa, ido na ganin duhu-duhu. A asibiti aka ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, likita ya ce in rage tunani in zauna wuri ɗaya. Na karɓi magani, na ce to. Washegari ina kan hanya.

A ƙarshe aka kwatanta mini wani mutum a Malanbil, tsallaken gulbi, ana ce masa annabi. Na haye gada na je. Da Faransanci yake magana, tafinta na juya mini. Ya ce in kawo rigar yaron. Akwai wata tsohuwar rigarsa da ya bari a igiya, na kai. Ya riƙe ta, ya rufe ido, ya ce, "Mama, yaron nan cikinsa a ƙoshe yake, shi ya sa ba ya jin kira. Ki roƙa a rufe masa kowace ƙofa. Aikinsa ya lalace, hannunsa ya bushe. In yunwa ta kama shi, da gudu zai dawo gida."

'Yan'uwa, na yi.

Kowace safiya ina durƙusawa da rigar ɗana a hannu, ina cewa, "Ya Allah, ka karya shi. Ka rufe masa ƙofa. Kada ka bar shi ya ga alheri sai ya dawo." Ɗan da na goya, na shayar, na yi jinyarsa da ƙyanda ta kusa ɗauke shi. Da wannan bakin nawa na roƙa. Kuma ina rufewa da sunan Yesu! Ya Ubangiji, ka yi mini jinƙai!

Ana haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Aka rufe gada. Kamiyo suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, direbobi na dafa abinci a ƙarƙashin motoci. Kuran ya ɗauke, gari babu wutar lantarki, kaya suka yi tsada. Motar da ba ta tafiya kuwa ba ta neman bakanike. Garajin su Iliya aka ja masa ƙofa.

Rifkatu ce ta kira ni a waya. "Inna, kin ji Yaya ba shi da aiki? Ga matarsa da ciki."

Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah ya fara amsawa."

Sai ta ce, "Inna, ke ce kuwa?" Ta kashe wayar.

Ban ji komai ba. Gari duk yana kuka, ni ina murna a ɓoye. Har na shirya in koma Malanbil in kai wa mutumin nan labari, in ji abin da zan ƙara yi.

Tun da gada a rufe take, sai kwalekwale. Na isa bakin gulbi da hantsi. Wurin ya cika maƙil: mata 'yan kasuwa da kwanduna, masu babura, sojoji a gefe da bindigogi suna kallo, 'yan dako na sauke buhuna daga jirage suna hawa gangare da su. Ina tsaye ina jiran layi, sai na hango wani ɗan dako da buhu a kafaɗa, ya sunkuya. Fuskarsa ban gani ba. Tafiyar na gane, tafiyar babansa ce.

Ya jefar da buhun, ya miƙe, muka haɗa ido.

Ya rame. Wuyansa ya yi tsawo. Rigar ta yage a kafaɗa, fatar wurin ta saɓule ta yi ja, ƙudaje na bi. Hannun da ya san ciwon inji tun daga ƙararsa, ga shi yana dakon buhu.

Na ɗauka zai kau da kai. Sai ya taho, ya goge hannunsa a wando, ya rusuna.

"Inna, ina kwana? Tsallake za ki?"

Ni ce na kau da kai.

Ya karɓi jakata, ba tare da ya san rigarsa ce a ciki ba. Ya raba mutane, ya shiga ruwa har gwiwa, ya riƙe hannuna ya zaunar da ni a jirgi. Ya ce wa mai jirgin, "Tsohuwata ce, ka bi da ita a hankali. Tana da tansiyo, kada ta zauna a rana."

Ashe ya san ina da tansiyo. Ni ban san ko yana cin abinci ba.

Jirgi ya tashi. Ban ce masa na gode ba, ban ce masa komai ba. Na bar shi tsaye cikin ruwa.

Da na juyo da kaina, sai na ga wadda gwiwarta ke gogar tawa. Bibata ce mai kifi. Duk matan kasuwa ta nan suke hayewa, amma da na san ita ce a jirgin nan da na jira wani. Bari in gaya wa baƙi ko wace ce. Ita ce mahaifiyar 'yar'uwarmu Zalika, ga ta can zaune a layin mawaƙa, kuma na nemi izininta kafin in faɗi wannan. Zalika a gidan Musulmi aka haife ta. Shekarun baya ta karɓi Yesu, aka yi mata baftisma a wannan gulbi. Tun daga lokacin ni da uwarta ba mu sake gaisawa ba.

Bibata ta dube ni, ta dubi Iliya da ke ƙanƙancewa a bayanmu. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Saratu, yaro ya gaishe ki, kin hana shi baki."

Na ce, "Ba ruwanki."

Ta ce, "Da ruwana. Ranar da kuka nutsa ɗiyata cikin ruwan nan, ina can bisa gangare, bayan itace, ina kallo. Da ta fito wata ta yi guɗa. Muryarki ce. Na san ta."

Na rasa inda zan sa idona. Gaskiya ne, ni ce na rangaɗa guɗar nan. Kuma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin Zalika tana da uwa da ke kuka a wani wuri ba.

Ta ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wata. "Na yi kwanaki abinci bai shiga cikina ba. Na bi malamai har Bengu. Babu abin da ban sha ba, babu abin da ban binne ba. Na ce ban haife ta ba. Ran nan aka ce mini tana asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Ban san lokacin da na bar kifina a kasuwa ba. Na same ta tana kiran sunana."

Na ce, "To yanzu kin yarda da abin da ta yi?"

"Ban yarda ba. Kullum in na yi salla ina roƙa mata shiriya. Ita ma na san tana roƙa mini a wurinku. Amma ranar Juma'a tana kawo mini yara, in yi musu kitso." Ta gyara kwandonta. "Ke mi kike roƙa wa naki?"

Tambayar nan ta shige ni kamar wuƙa. Na juya ina kallon ruwa har muka kai tsallake.

Da muka sauka, masu babur suka yi ca a kaina, kowa na tambayar inda za ni. Hanyar gidan mutumin nan na san ta sarai. Amma ƙafafuna, waɗanda suka yi shekara uku ba su huta ba, suka ƙi tafiya. Na ja jiki zuwa gindin wata bishiya a bakin ruwa, na zauna a ƙasa. Na buɗe jaka, na ciro rigar.

Daga nan ina hango ɗaya gaɓar, 'yan dako kamar tururuwa, suna hawa suna sauka. Ɗaya cikinsu nawa ne. Abin da na roƙa ke nan, ga shi an ajiye mini a gabana in kalla.

Na buɗe baki zan yi addu'a, kalmomin da na saba suka taho: ka karya shi. Na ji ƙyamarsu kamar na tauna ruɓaɓɓen abu. Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Yesu, ni ce. Ni ce ɓatacciyar. Na ɗauki sunanka na mai da shi bulala a kan ɗana. Ban nemi fuskarka ba, kunyata nake so ka wanke mini a idon mutane. Na gaji, Ubangiji, na gaji da yawo. Iliya naka ne tun kafin ya zama nawa. Ga shi, na sake shi a hannunka. Ka ba shi abinci. Ka warkar masa da kafaɗa. Ka sauki matarsa lafiya. Ni kuma ka gafarta mini."

Ban ji murya daga sama ba, ban ga wani haske ba. Abin da na sani, wani nauyi da ke danne mini ƙirji tun ranar faifan shinkafa ya ɗaga. Na ja numfashi har ƙasan cikina. Na zauna a wurin nan har rana ta karkata, ban ji ana korata zuwa ko'ina ba. Halleluya! Ku da ba ku taɓa rasa zama ba, ba za ku san girman wannan kyauta ba.

Na hau jirgi na dawo. Ban tarar da shi a bakin ruwa ba. Na wuce gida, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka yadda yake so, na ɗaura kwano a ɗankwali, na bi layi huɗun nan da ƙafata.

Hadiza ce ta amsa sallama. Da ta gan ni ta ja da baya, ta dafe cikinta, tana neman durƙusawa da ƙyar. Na riƙe ta. Na ce, "Kada ki durƙusa, ɗiyata. Ni ce zan durƙusa miki. Abin da na yi miki a kasuwa zalunci ne." Muka tsaya a zaure muna kuka mu biyu.

Iliya ya shigo dab da magariba. Ya gan ni zaune a tabarmarsa, ya tsaya cik a bakin ƙofa.

"Inna, lafiya?"

"Tuwo na kawo."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. "Inna, in kin zo ne a kan maganar in koma..."

"Kafaɗarka na zo gani. Cire rigar."

Hadiza ta kawo ruwan ɗumi da man kaɗanya. Ina wanke masa ciwon, yana cije leɓe, sai aka kira salla. Na ji jikinsa ya ɗaure. Bai motsa ba, yana tsoron kada in tashi in tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, kiran nan ya soke ni kamar kullum. Amma na ce, "Tashi ka je. Tuwo zai jira ka."

Da ya dawo ya ci, na ga ba zan iya fita gidan nan da sauran ƙazanta a cikina ba. Na ciro rigarsa daga jaka na ajiye a gabansa. Na faɗa masa komai, man da na zuba a ƙofar garaji, addu'ar da na yi ta yi, har da abin da na ce wa Rifkatu a waya.

Ya dubi rigar. Ya ce, "Ke, Inna? Da bakinki?"

Na ce, "Da bakina."

Ya tashi ya fita. Bai raka ni ba.

Mako uku ban gan shi ba, bai aiko ba. A nan tsohon ciwon ya so ya dawo. Ƙafafuna suka fara ƙaiƙayi, zuciya na ce mini tashi ki nemi wanda zai duba miki. Na ce babu inda za ni. In abin ya taso sai in durƙusa in ce, "Ubangiji, na riga na ba ka shi, ba zan karɓe ba." Wata rana sau goma nake faɗin haka. Cikin makonnin nan ne na dawo nan, na raɓe a bencin baya. Mama Ladi ta waigo ta gan ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta matsa ta ce, "Zo nan, wurinki na nan." Allah ya saka miki, Mama Ladi.

Ran nan da rana tsaka na ji babur ya tsaya a ƙofata. Iliya ne, gumi ya jiƙa shi.

"Inna, naƙuda ce. Uwarta tana Tanda, ba ta iso ba. Ki zo."

Ko takalmi ban sa daidai ba na haye bayansa. Muna tafiya, ba ya waigowa, sai ya ce, "Abin da kika faɗa mini ya yi mini ciwo ƙwarai. Na yi ta juya shi." Ya kauce wa wani rami. "Amma Inna, gada dai ba ke kika rufe ta ba. Sojojin nan ko sunanki ba su sani ba. Ki daina ɗora wa kanki. Na yafe."

Na kifa goshina a bayansa, ina dariya ina kuka, mutane na kallonmu a hanya.

Kafin la'asar Hadiza ta sauka lafiya, ɗiya mace. Ni ungozoma ta fara miƙa wa ita. Ranar suna ni da dangin Hadiza muka kama tukwane tare, liman ya yi addu'arsa a waje, ni kuma na yi tawa a zuciya ina riƙe da jikata. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Na ga wasunku suna jira in ce Iliya ya dawo majami'a. Bai dawo ba. Musulmi ne har yau, yana sallarsa. Ina so ya dawo? Ina so, da dukan raina, kuma kowace safiya ina ambaton sunansa a gaban Yesu. Amma yanzu alheri nake roƙa masa, sauran kuwa na bar wa Mai shi. Ya sami aikin gyaran injin jirage a bakin gulbi, kafaɗar ta warke. Tansiyona ta sauka, likita da kansa ya yi mamaki. Na koma kan teburin wainata. Wadda aka ceto a labarin nan ni ce, daga ɗacin rai, daga yawon neman masu gani, daga addu'ar mugunta.

Unguwar nan tamu kullum ƙaruwa take, kuma abin da ya shiga gidana zai shiga wasu gidajen. Wataƙila ya riga ya shiga naki, kina zaune a nan kina ɓoyewa. 'Yar'uwa, kada ki bi hanyar da na bi. Duk wanda ya ce ki roƙa wa ɗanki masifa, tashi ki bar wurinsa, ko da Littafi ne a hannunsa. Kawo kukanki nan, mu yi shi tare. Ku kuma da kuka zo wurin Yesu kuka baro iyaye a wani gida, mun yi murna da ku, muna kuma yi. Amma in an tashi yau, ku je ku gaishe su. Ko sun rufe ƙofa, ku yi sallama daga waje, gobe ku koma.

Ku dogara ga Ubangiji. Ya san inda 'ya'yanmu suke, ya fi mu ƙaunarsu, kuma bai gaji da ni ba duk da abin da na yi da sunansa. Ba zai gaji da ku ba.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu da ya zaunar da ni. Ku taya ni da addu'a, ku sa da Iliya da Hadiza da jaririyarsu. Ɗaukaka ta tabbata gare shi har abada. Amin.